Kilo 5 da suka cinye mini wata 3

Shekara shida batirin dalma ya yi yana bakin aiki a ɗan jirgina mai kujera biyu, wanda na haɗa da hannuna daga kayan da ake turowa a akwatuna. Odyssey PC680 ne, irin wanda kusan duk mai haɗa jirgi ya sani, nauyinsa kilo 7, ƙarfinsa amfiya-awa 16. Ya yi mini aiki iya bakin ƙoƙarinsa har tsufa ya zo masa. A shekarar ƙarshe sai farfela ta fara nauyi da safe, in murɗa makulli ta ɗaga, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta wuce. Da na shiga neman sabo sai idona ya faɗa kan na litiyam, mai nauyin kilo 2.2 kacal, wanda aka ce ya fi nawa ƙarfin juya inji. A ƙaramin jirgi kilo 5 ba abin rainawa ba ne, kusan lita 7 ke nan ta man jirgi. Na ɗauka aikin rabin yini ne, in kwance noti biyu in ɗaure noti biyu. Sai da aka yi wata uku kafin na sake ɗaukar fasinja.

Wanda ya fara taka mini birki shi ne dattijon injiniyan da yake duba mini jirgin duk shekara. Na same shi a rumfar jirage yana kwance a ƙarƙashin wani fiffike, na ce, "Injiniya, barka da aiki. Batir zan canza, na litiyam nake so in sa." Bai ko fito ba ya ce, "Wane litiyam ɗin?" Na yi shiru. Ya jawo jiki ya zauna, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "To bar wannan. Malam, in altanetarka ta haukace kana sama, me zai kashe ta?" Nan ma shiru. Ya ce in je in nemo amsar biyun, in na samo in dawo mu yi magana. Raina ya ɗan sosu, don ni a ganina batir batir ne. Daga baya na gane duk abin da na yi a wata ukun nan amsa waɗannan tambayoyi biyu ne.

Ta farkon ba ta yi wuya ba. Tsoron da mutane suke yi wa litiyam a jirgi yana da tushe. A watan Janairun 2013 batirin wani Boeing 787 ya kama da wuta a filin jirgin Boston, bayan kwana tara wani ya yi saukar gaggawa a Takamatsu ta Japan saboda irin wannan matsala, har hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Amurka ta dakatar da tashin samfurin gaba ɗaya, bai koma aiki ba sai a Afrilu. Amma waɗannan batiran na litiyam da kobalt ne. Wanda masu ƙananan jirage suke sawa na litiyam da ƙarfe da fosfet ne, wanda ake rubutawa LiFePO4, da ya fito daga binciken su John Goodenough a Jami'ar Texas wajen 1996. Fosfet yana riƙe iskar oksijin gam, ba ya sakinta da sauƙi in zafi ya yi yawa, shi ya sa wutarsa take da wuyar tashi. Wannan bai hana shi fitar da hayaƙi mai shaƙe mutum ba in aka ci zalinsa. A cikinsa ƙwayoyi huɗu ne a jere, kowacce bolt 3.2, tare da wani ɗan allo da ake kira BMS. Aikin allon shi ne ya daidaita cajin ƙwayoyin, kuma ya yanke wuta in caji ya wuce kima, ko in batirin ya kusa ƙarewa, ko in wayoyi suka haɗe. Akwai masu sayar da irin wannan batir ba tare da cikakken BMS ba, akwai kuma masu rubuta ƙarfinsa da lissafin "daidai da na dalma", inda za ka ga an rubuta 18 alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce 6 ba. Na tsallake duka biyun, na zaɓi wanda aka yi don jirage, mai amfiya-awa 15.6 na gaskiya, da wayar da ake ja zuwa fitilar gargaɗi a gaban matuƙi.

Tambaya ta biyu ce ta hana ni barci. Altanetar da na ɗaura tun farko, wato na'urar da inji yake juyawa ta yi wa batir caji, irin ta mota ce, mai amfiya 60, regiletarta mai daidaita bolt a cikinta take. Na cire bireka, wato makunnin da yake yanke wuta da kansa in ta yi yawa, na wayar da take kunna ta inji yana aiki, sai na ga tana ci gaba da ba da wuta abinta. Wato in ta tashi, ba ni da hanyar kashe ta sai in na kashe inji. Shekara shida ina yawo da wannan ban sani ba, kuma dalilin da ya sa ban sani ba shi ne batirin dalma. Shi kamar soso yake. In regileta ta lalace wuta ta yi ambaliya, zai yi ta sha, ya yi zafi, ya kumbura, amma zai danne bolt ɗin na wani ɗan lokaci har matuƙi ya lura. Na litiyam ba ya haƙuri irin wannan. Da zarar bolt ya haura iyakarsa BMS zai rufe ƙofar caji, domin kansa yake karewa, ba ruwansa da rediyonka. Altanetar da ta haukace kuma babu batir a gabanta tana iya haura bolt 50 kafin ka ƙifta ido, ta ƙone duk abin da ke kan layi. Maganin shi ne wani ɗan mai gadi da yake sa ido a kan bolt. In ya kai wajen 16, sai ya haɗa siririyar wayar da ke ba altaneta maganaɗisu da waya mara wuta (nagetif) da gangan, bireka mai amfiya 5 ya faɗi, altaneta ta mutu cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba. Sai dai wannan dabara ba ta aiki da altanetar da ba ta jin maganar wayarta. Dole na cire tawa na sayi wadda aka yi don jirgi, mai regileta a waje, na saita ta a bolt 14.3. Kuɗinta da na regileta da wayoyi sun zarce kuɗin batirin, shi kuwa batirin na biya kusan ninki uku na abin da na dalma zai ci mini.

Daga nan sai takardu. Kowane jirgin da aka haɗa a gida yana da takardar sharuɗɗan tashi, kuma yawanci akwai sakin layi a ciki a kan babban sauyi. A Amurka, babban sauyi shi ne wanda ya taɓa nauyi, ko daidaiton jirgi, ko ƙarfin jikinsa, ko amincin aikinsa sosai, kuma wanda ya yi shi yakan koma tashin gwaji na aƙalla awa 5. A Ingila ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA ce take amincewa da gyare-gyaren irin waɗannan jirage. Kowa ya karanta tasa takardar, don ba ɗaya suke ba. Injiniya ya ce da batir kaɗai na canza da ana iya jayayya, amma tunda na taɓa altaneta da wayoyi, in rubuta wa ofishin da ke kula da rajistar jirgin in huta. Na aika wasiƙa da zanen wayoyi da takardar bayanin batirin daga kamfaninsa da lissafin sabon nauyi. Bayan kwana goma aka dawo mini da su, wai babu lissafin wutar da kowace na'ura take ci. Na ji haushi a ranar, amma suna da gaskiya. Na kwana biyu da mita a hannu ina kunna abu ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa: allon tuƙi, rediyo, na'urar da ke nuna wa masu kula da sararin sama inda nake, fitilu, famfon mai na lantarki, da na'urar fulogi ta lantarki da ke gefe guda na injin, tunda ɗaya gefen magneto ne mai samar wa kansa wuta. Komai a kunne amfiya 24. In na kashe duk abin da za a iya rayuwa babu shi, amfiya 8. Wannan 8 ɗin ita ce lambar da ta fi kowacce amfani a duk aikin, kuma ba don an dawo mini da takardu ba da ban taɓa saninta ba. Na sake aikawa, na jira mako uku, aka amsa da sharaɗin awa 5 na gwaji ni kaɗai, kusa da fili.

Isowar batirin ma sai da ta ja. Batirin litiyam kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, lambarsa UN 3480, kuma tun Afrilun 2016 aka hana loda shi a ɗakin kayan jiragen fasinja. Wanda za a tura ta jirgin ɗaukar kaya ba a yarda cajinsa ya wuce kashi 30 cikin 100 ba. Wani aboki da zai yi tafiya ya ce zai sako mini shi a jakarsa, sai lissafi ya hana: iyakar abin da fasinja zai ɗauka wat-awa 160 ne, shi ma da izinin kamfanin jirgi, nawa kuwa kusan 200 ne. Na haƙura na bi ta hannun masu jigilar irin waɗannan kaya, da ƙarin kuɗinsu. Ranar da ya iso na ɗaga kwalin na zaci sun manta ba su sa komai a ciki ba.

Da na zo ɗaurawa sai tsohon akwatin ƙarfen ya yi masa yawa, yana rawa a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Na cike gefen da soso mai tauri wanda ba ya cin wuta, na yi sabon maɗauri. Akwai masu shigar da shi ɗakin matuƙi don gudun zafin inji, kuma akwai samfurin da aka yi don haka, mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Ni dai na fi son bango ya raba ni da shi, don haka na bar shi inda na da yake, a jikin bangon da ke tsakanin inji da ƙafafuna. Na manna masa takardar auna zafi mai ɗige-ɗige, wadda kowane ɗigo yake baƙi in an kai lambarsa kuma ba ya komawa. Sannan muka tura jirgin kan sikeli uku, ni da Injiniya, muka daidaita shi da ma'aunin ruwa. Da can kilo 470 ne ba mai ba mutum. Batirin yana wajen santimita 90 gaba da cibiyar nauyi, saboda haka cire kilo 4.8 daga nan ya ja cibiyar baya da kusan milimita 9. Ba yawa a ido, amma da na sake lissafin mafi munin hali, wato mutum biyu masu jiki, kaya cike a baya, tanki ya kusa ƙarewa, sai na ga na taɓa iyakar baya. Dole na rage kilo 3 daga abin da na yarda a sa a wurin kaya. Injiniya ya yi dariya ya ce, "Ka ga ribar taka ta fara komawa inda ta fito."

Cajar da nake da ita ma sai da ta tafi. Tana da wani mataki na farfaɗo da tsohon batirin dalma, inda take harba masa bolt mai yawa don ta narkar da gishirin da ya daskare a faranti. Wannan guba ce ga litiyam. Na sayi wadda aka yi dominsa, wadda ba ta wuce 14.6. Da ya cika sai na yi gwajin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci: na haɗa masa ƙwan fitila masu cin amfiya 8, na ajiye mita da agogo, na zauna a kan bokiti ina rubuta bolt duk minti goma. Da na dalma ne da na ga lambar tana sauka a hankali kamar mai gangara tudu. Wannan kuwa ya sauka 13.2, ya zauna, 13.1, ya zauna, 13.0, har na fara zargin mitar. Bayan awa ɗaya da rabi yana 12.7. Minti goma sha biyar bayan haka ya faɗa 12.0, kuma ina kallo lambobin suna zubewa. Na cire shi a awa 1 da minti 45. Tun daga ranar na daina tambayar mitar bolt nawa ya rage a batir, domin za ta ce maka lafiya lau har zuwa bakin rami. In altaneta ta mutu, agogo ake dubawa. Na rubuta a kati na manna a gabana: awa 1, ka kasance a ƙasa.

Tayar da inji na farko kam abin daɗi ne. Lycoming O-320 ɗin da ya saba yi mini gardama ya juya kamar an cire masa fulogi, ya kama tun kafin farfela ta zagaya sau biyu. Sai mitar amfiya ta tashi ta wuce 50, gabana ya faɗi. Ashe haka yake, cikinsa a buɗe yake, duk abin da altaneta ta miƙo zai karɓe, shi ya sa masu yinsa suke faɗin iyakar girman altanetar da kowane samfuri zai ɗauka. Cikin 'yan mintuna ta sauko ƙasa da 5. A tashi na biyu ne abin ya nuna mini ɗaya fuskarsa. Inji yana da zafi, na sha fama kafin ya tashi, na ci wuta da yawa, ban jira caji ya lafa ba na hau titi. Ina cikin hawa, ƙafa 500 ko ƙasa da haka, na ji ƙas a gefen gwiwata. Babban bireka na altaneta, mai amfiya 60, ya faɗi. Na bar shi, na zagayo na sauka, hannuna yana ɗan rawa. Laifina ne: altaneta mai 60 tana iya ba da fiye da 60 in ba ta yi zafi ba, kuma ga batir mai yunwa ga fitilu ga famfo. Na maye gurbinsa da fiyus mai jinkirin tsinkewa a kusa da batir, na kuma ƙara layi a jerin binciken kafin tashi, cewa ba na hawa titi sai caji ya sauko ƙasa da amfiya 10.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan rana shi ne fitilar da ya kamata ta gaya mini altaneta ta tafi ba ta kama ba. Ba don na ji ƙarar bireka ba da sai in yi ta tafiya. Na saita ta tun zamanin dalma ta kama a bolt 13.0, domin na dalma in caji ya tsaya nan take yake faɗowa ƙasa da haka. Na litiyam kuwa yana zaune a 13.2 cikin kwanciyar hankali, fitila na ganin komai daidai, alhali batir ake ci. Na ɗaga ta zuwa 13.5, na tashi na kashe altaneta da gangan a saman fili, ta kama cikin 'yan daƙiƙu. Duk wanda zai yi wannan sauyi, in zai manta da komai kada ya manta da wannan lamba, kuma kada ya yarda ta yi daidai sai ya gwada da idonsa.

Bayan tashi na uku na buɗe murfin inji na tarar ɗigon digiri 65 ya yi baƙi, alhali kamfanin ya ce kada a wuce 60. Na bi diddigi na gano ba a sama yake zafin ba, sai bayan an sauka an kashe inji, iska ta tsaya, zafin silinda da salansa ya taru a ƙarƙashin murfi. Na yi masa garkuwa da falankin alminiyam mai rufin hana zafi, na jawo masa siririn bututun iska daga saman inji, na kuma koyi buɗe ƙofar duba mai da zarar na sauka. Sabuwar takardar da na manna ba ta sake wuce 54 ba. Sanyi ma yana da nasa hali. In gari ya yi sanyi sosai yakan yi kasala a murɗawar farko, sai a kunna fitilar sauka na kamar minti ɗaya ya ɗumama kansa daga ciki, kuma ba a yi masa caji in ya kai sanyin da ruwa ke daskarewa, domin hakan yana lalata ƙwayoyin.

Na cika awa biyar ɗin, na rubuta komai a littafin tarihin jirgi, Injiniya ya duba ya sa hannu. Mako biyu da haka na yi abin da kowane matuƙi ya taɓa yi, na bar babban makunni a kunne na tafi gida. Solonoyid ɗin da ke haɗa batir da jirgi shi kaɗai yana cin kusan amfiya ɗaya, ga sauran na'urori. Da na dawo bayan kwana biyu na sa mita, ta nuna kusan sifili. Na zauna a kan tayar jirgi ina lissafin asara, na kira shi na ce, "Injiniya, na kashe shi." Ya ce, "Bai mutu ba, Malam, kulle kansa ya yi. Sa masa cajarsa ta litiyam, ka danna maɓallin tada shi." BMS ne ya yanke kafin ƙwayoyin su kai inda ba sa dawowa, kuma caja ta yau da kullum ba ta ma ganin akwai batir a wurin balle ta fara aiki. Cikin minti biyu lamba ta dawo. A ƙasa wannan hali nasa ya cece mini kuɗi. A sama kuwa wannan yankewar ita ce za ta ɗauke rediyo da allo da rabin fulogi lokaci guda, babu dushewar fitila da za ta yi maka sallama tukuna. Shi ya sa ban cire magneto ɗin nan guda ba, ko da yake da farko na yi niyyar mayar da duka gefen biyu na lantarki, kuma na ƙara wa allon tuƙi ɗan batirinsa na daban.

Da za a mayar da ni baya da na sake yi, amma da na juya tsarin: in fara da altaneta da mai gadinta, in auna wutar da nake ci, in karanta takardar sharuɗɗa, batir ya zo a ƙarshe. Wanda jirginsa yake da nauyi a wutsiya kuma, ya yi lissafi kafin ya sayi komai, don yana iya cire kilo biyar na batir ya koma yana ɗaura dalmar banza a hanci don ya daidaita. Gwajin ƙwan fitila da agogo yanzu ya shiga jerin binciken shekara, kuma mun yi da Injiniya cewa ranar da ya kasa kai kashi 80 cikin 100 na lokacinsa na farko, wato awa 1 da minti 24, ranar zai sauka daga jirgin. Na bana ya yi awa 1 da minti 41.